Kada ki danna "fomat": yadda na ceto hotunan gidanmu daga had-disk da ya lalace

Yau ba girki na zo da shi ba, ba kuma tarbiyya ba. Wani abu ne ya same ni a watan da ya wuce, wanda ya hana ni barci kusan kwana huɗu, na ce ba zan yi shiru ba sai na ba ku labari.

Kowaccenmu ta san saƙon nan da waya ke turowa cewa ta cika. Ni dai duk lokacin da na gan shi, sai in jona wayar da kwamfutar maigida, in kwashe hotuna da bidiyo in zuba a wani ɗan akwati baƙi mai girman tafin hannu, wanda masu gyara ke kira had-disk, sannan in goge na cikin wayar. Terabayit 1 ne, wato kimanin gigabayit 1,000. A cikinsa akwai hotunan bikinmu, sunan yara huɗu, saukar karatun babbar 'yata, da na kowace Sallah na shekara goma sha ɗaya. Akwai kuma muryar Inna, mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, da na naɗa sau biyu tana ba ni labarin kakanninmu, wata biyar kafin rasuwarta.

Ranar wata Asabar da daddare ina cikin zuba sababbin hotuna, sai autana mai shekara biyu ya zo ya fizge igiyar. Ban ɗauke shi komai ba, na mayar na jona. Sai kwamfutar ta fito da saƙo: wai ba za a iya amfani da had-disk ɗin ba sai an yi masa fomat, ga wurin amincewa, ga na fasawa. Na cire, na sake jonawa, saƙon dai shi ne. Har na kai hannu zan amince, don a zatona wani gyara ne za ta yi masa, sai wani abu ya ce mini in kira ƙanena da ya karanci kwamfuta.

Ina gama bayani ya ce, "Yaya, don girman Allah kada ki danna. Ki fasa, ki cire shi, ki sa a durowa ki kulle. Gobe zan zo."

Na ce, "To hotunan fa, sun tafi ke nan?"

Ya ce, "Idan ba ki taɓa komai ba, mai yiwuwa suna nan yadda kika bar su."

Abin da na koya daga washegari zuwa yau, shi ne ga shi.

Me ake nufi da ya lalace?

Ki ɗauka kina da babban sito cike da robobi dubbai masu kama da juna, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Sai littafi guda da ya nuna cewa ta farko daddawa ce, ta biyu kuka, ta uku kuɓewa busasshiya. Idan ruwa ya jiƙa littafin nan, kayan miyarki suna nan, hanyar gane su ce ta ɓace.

Haka had-disk yake. Akwai hotunan kansu, akwai kuma jadawalin da ke nuna sunan kowanne da inda yake zaune. Duk lokacin da kike zuba sabon abu, kwamfuta tana rubutu a jadawalin nan. Idan aka fizge igiya ko aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutun, sai jadawalin ya hargitse. Da ta kasa karanta shi, sai ta ce a yi fomat, ma'ana a yar da tsohon littafi a buɗe sabo fari fat, a ɗauka kamar siton babu komai. Daga nan duk abin da kika zuba, kan tsofaffin hotunan zai hau. Wanda aka rubuta wani abu a kansa kuwa, ya tafi, babu injiniyan da zai dawo da shi.

Wannan shi ne ciwo na farko, kuma shi ya fi sauƙin magani. Na biyu shi ne lalacewar jikin na'urar. A cikin akwatin akwai faifai mai sheƙi da ke juyawa, a yawancin ƙananan nan sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa guda. Sama da shi akwai ɗan hannu mai karatu da rubutu, yana shawagi ba tare da ya taɓa faifan ba, da tazarar da ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Idan akwatin ya faɗi, musamman yana cikin aiki, hannun nan na iya gogar faifan ya kankare wurin da hotunan suke.

Ki fara da kunne

Kafin komai, ki gane wane ciwon ne. Ki jona shi sau ɗaya, ki kara kunnenki.

Idan kika ji yana ƙas-ƙas-ƙas a jere, ko yana gurza, ko yana wani siririn kuka ya kasa juyawa, ko kika ji ƙaurin ƙonewa, ki cire shi nan take. Wannan ba aikin gida ba ne. Kowane jonawa da za ki ƙara, ƙara kankare faifan kike yi. Haka ma idan kin san ya faɗi ko ruwa ya shige shi.

Idan kuwa yana juyawa a hankali kamar yadda ya saba, fitilarsa na kamawa, sai ki gwada abubuwa masu sauƙi. Ki canza igiya, don sau da yawa ita ce ke mutuwa. Ki canza ƙofar da kike jonawa, ki jona kai tsaye a jikin kwamfutar ba ta wani mahaɗi mai ƙofofi da yawa ba, saboda wutar da ke isa gare shi kan yi kaɗan. Ki gwada a wata kwamfutar. Akwai waɗanda a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Akwai kuma wata matsala da ta zama ruwan dare ga masu kai filashi ko had-disk shagunan buga takardu. Za ki buɗe ki ga babu komai, ko ki ga manyan fayilolinki sun koma 'yan alamomi masu kibiya, alhali kwamfutar tana nuna wurin a cike yake. Wannan yawanci ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye su, ba ta goge ba. Kada ki danna alamomin nan. A wanke shi da manhajar kashe cuta, a umarci kwamfutar ta nuna ɓoyayyun fayiloli, sai ki gan su.

Abubuwa biyar da ba a yi

Na farko, kada ki yi fomat. Idan ma kin riga kin yi, kada ki yanke ƙauna. Fomat na gaggawa, wanda ke ƙarewa cikin daƙiƙu, jadawali ya fi taɓawa, ana iya samun mafi yawan kayan. Mai tsawon nan da ke ɗaukar awanni a Windows na zamani shi ne ke bi ya shafe ko'ina.

Na biyu, kada ki zuba komai a cikinsa, ko hoto ɗaya ne.

Na uku, kada ki yarda kwamfuta ta "gyara" shi kafin a kwafe abin da ke ciki. Windows na da wani umarni da ake kira CHKDSK, kuma shi mutane da yawa ke fara ba da shawara. Aikinsa shi ne ya daidaita jadawali ko ta halin ƙaƙa, ko da kuwa zai yanke abin da bai gane ba. Garin gyaran gira a rasa ido.

Na huɗu, kada ki sa shi a firiza, kada ki bubbuga shi. Tsohuwar dabara ce da ke yawo a intanet. Sanyin na jawo raɓa a kan faifan, ta ƙarasa abin da ya rage.

Na biyar, kada a kwance murfin ƙarfen da faifan ke ciki, a gida ko a teburin mai gyara. Masu wannan aiki na gaskiya suna yin sa ne a wuri na musamman da ake tace iskarsa. Ki tuna yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan kwanukanki cikin awa ɗaya.

Yadda ƙanena ya yi

Ya zo da kwamfutarsa da wani had-disk ɗin na aro wanda ya fi nawa girma. Ya fara duba lafiyar nawa da wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo. Tana karanta rahoton da na'urar ke ajiyewa game da kanta, ta nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan da sake, ja idan abin ya yi nisa. Nawa rawaya ya nuna. Ashe tun kafin auta ya fizge igiya wasu wurare a faifan sun fara mutuwa, ni ban sani ba.

Daga nan bai fara neman hotuna ba. Sai da ya kwafe had-disk ɗin gaba ɗayansa, lungu da saƙo, zuwa na aron, da wata manhaja da ake kira ddrescue wadda ke aiki a Linux. Hikimarta ita ce ta fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sannan ta dawo ta lallaɓa masu ciwon. Ya ce mini, "Yaya, marar lafiya ba a sa shi aikin ƙarfi. Mu karɓi abin da ke hannunsa tukuna, sai mu yi ta gwaji a kan kwafin." Wannan kaɗai ya ci kwana ɗaya da wuni, kuma sai da muka tanadi man janareta don kada wuta ta katse mu.

A kan kwafin ya gwada TestDisk. Ita da 'yar uwarta PhotoRec wani Bafaranshe ne, Christophe Grenier, ya ƙirƙire su, kuma kyauta ake sauke su. TestDisk tana ƙoƙarin karanta jadawalin da ya hargitse. Idan ta yi nasara, komai zai fito da sunansa da tsarinsa. A wurinmu rabi ta iya nunawa. Sauran sai da PhotoRec, wadda ba ruwanta da littafi. Bi take yi tana buɗe kowace roba tana shinshinawa: wannan hoto ne, wannan bidiyo, wannan murya. Ta san ɗaruruwan nau'o'in fayil ta yadda farkonsu yake. Matsalarta ɗaya, ba ta dawo da suna. Sai ki ga hotuna dubbai da lambobi kawai, hoton biki kusa da na asibiti, har da waɗanda kika goge tuntuni.

Akwai wata mai sauƙin amfani a Windows mai suna Recuva, ta fi dacewa da wadda ta goge abu bisa kuskure. Ko wacce aka yi amfani da ita, doka ɗaya ce: abin da aka ceto a wani wuri daban ake ajiye shi, ba a cikin wanda ya lalace ba. Kuma ki yi hattara da manhajojin da za su nuna miki hotunanki kyauta, sai kin zo ɗauka su ce ki biya da dala. Ki fara da na kyautan.

Idan sai an kai wa mai gyara

Ba kowa ke da ƙane irin nawa ba. A manyan kasuwannin waya da kwamfuta na Kano, Kaduna, Abuja da Legas akwai masu wannan sana'a, amma gyaran kwamfuta daban, ceto bayanai daban. Ki yi masa tambayoyi uku kafin ki miƙa. Zai kwafe shi gaba ɗaya kafin ya fara aiki? Idan ya kama a buɗe, ina zai buɗe shi? Idan bai samo komai ba, nawa za ki biya? Wanda ya ce bari ya yi fomat tukuna ya gani, ki karɓi kayanki ki yi gaba. Ki faɗa masa gaskiyar abin da ya faru da duk abin da kika riga kika gwada. Ki kuma nemi ya nuna miki hotunan suna buɗewa kafin ki biya, don wani fayil ɗin suna ne kawai, ciki fanko.

Sai maganar da ta fi shafarmu mu mata. A cikin akwatin nan akwai hotunanmu na cikin gida, babu mayafi, akwai na yara suna wanka, akwai takardun asibiti da na banki. Wanda zai ceto su zai iya ganinsu, har da waɗanda kika goge. Ki nemi wanda aka sani aka yarda da shi. Ki je da maigida ko ɗan'uwa. Ki kai naki sabon wurin ajiyar da za a zuba, ki kuma tsaya a goge kwafin da ya rage a kwamfutarsa a gabanki. Ba zargi ba ne, kiyayewa ce.

Mai memori da waya fa?

Na san da yawanku ba ku da had-disk, memori ne a waya. Dokar ɗaya ce. Idan waya ta ce memori ya lalace a yi fomat, ki ƙi. Ki kashe wayar, ki cire shi, a sa a kwamfuta a gwada PhotoRec. Sai dai idan tun farko kin haɗe shi da ma'ajiyar cikin wayar, to a kulle yake, wayar nan kaɗai ke iya karanta shi. Abin da aka goge daga cikin wayar kanta kuwa yana da wuyar dawowa a wayoyin yanzu, don haka ki fara leƙa kwandon shara na manhajar hotunanki, yawancinsu suna riƙe abin da aka goge na kimanin wata guda.

Ki kuma yi hankali da memori da filashi masu arha fiye da kima. Akwai na jabu da aka rubuta wa 64 ko 128 alhali cikinsu bai kai ko kusa ba. Zai yi ta karɓa kamar gaske, sai ranar da kika zo buɗewa ki tarar hotunan sun ƙi. Irin wannan babu abin cetowa, don tun asali bai ajiye ba. Akwai manhajar kyauta mai suna H2testw da ke gwada ainihin girmansa, a gwada tun yana sabo.

Abin da ya dawo, da wanda bai dawo ba

Hotuna kusan duka sun dawo. Waɗanda aka ɗauka da kyamarar waya suna ɗauke da kwanan watansu a ɓoye, da shi muka jera su shekara-shekara. Waɗanda aka turo mini ta WhatsApp ba su da shi, su har yanzu ina zaune ina tantancewa da ido. Bidiyon sunan babbar 'yata ya ƙi buɗewa. Dogon bidiyo yakan rarrabu a wurare daban-daban a faifai, idan babu jadawali haɗa shi sai an dace.

Muryar Inna ta farko ta fito daram, minti arba'in da ɗoriya. Na saurare ta a kicin ni kaɗai, na yi kukan da ban yi ba tun kwana bakwai. Ta biyun ta faɗa daidai wurin da faifan ya mutu. Da na faɗa a zauren 'yan gidanmu, sai yayata ta tuna na taɓa tura mata wani yanki, minti shida, yana nan a tsohuwar wayarta. Shi ke nan abin da ya rage. Sauran, inda take lissafo sunayen 'yan uwan kakarmu, babu mai iya maimaita mana shi yanzu. Don haka idan kin yi asara, ki tambayi dangi kafin ki haƙura, ba ki san me ke wayar wa ba.

Rigakafi

Kuskurena ba na auta ba ne. Na ɗauka na yi ajiya, alhali ƙaura kawai na yi wa hotunan daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya. Abin da ke wuri guda tak, ba ajiyayye ba ne.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma ba a gidanki ba. A wurinmu, ga yadda na sauƙaƙa ta. Ɗaya a had-disk na gida. Ɗaya a wani daban da na kai gidan yayata, duk bayan wata uku in karɓo in ƙara sababbi. Ɗaya kuma a intanet.

Google na ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi, kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ma yanzu a ciki take ci. Masu iPhone 5 kacal suke samu a iCloud. Ba zai ɗauki komai ba, data ma ba arha ba, don haka ki zaɓa: hotuna ɗari biyu ko uku da ba za ki iya jure rasa su ba, muryoyin iyaye, takardun haihuwa da na makaranta. Ki rubuta kalmar sirrin a takarda ki adana, ki kuma riƙa shiga, domin Google ya sanar cewa yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Waɗanda suka fi soyuwa a ranki, ki kai a wanke su a takarda. Album ɗin bikin iyayenmu har yau yana nan, bai taɓa neman fomat ba.

Sannan ƙananan abubuwa: ki riƙa umartar kwamfuta ta saki had-disk kafin ki zare igiya, kada ki motsa shi yana aiki, ki raba shi da zafi da hannun yara. Duk wata biyu ki jona shi ki buɗe tsofaffin hotuna ki ga suna nan. Idan ya fara jan ƙafa ko yana ɓacewa yana dawowa, sallama yake yi, ki kwashe kayanki tun da wuri.

Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara ake tunatar da mutane yin ajiyar bayanansu a duniya, amma ni ba zan ce ki jira ta ba. In kin ga gemun ɗan'uwanki ya kama da wuta, kin san sauran. Yau da daddare, bayan yara sun kwanta, ki zaɓi hotuna ashirin ki tura su wuri na biyu. Idan kuma mahaifiyarki ko kakarki na raye, ki naɗi muryarta a wannan makon, ki tura wa 'yan uwa uku.

Wadda ta taɓa rasa hotunanta, ko ta yi sa'ar ceto su, ta ba mu labari a ƙasa, ta faɗi abin da ya yi mata aiki. Mai tambaya ta rubuta irin saƙon da na'urarta ke nunawa da irin ƙarar da take ji, zan kai wa ƙanena mu amsa a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A gaida yara.